Yadda Muka Raba Hoton Baba Gida Uku

Hoto ɗaya aka taɓa ɗaukar babana a duniya, kuma ni na lalata shi da hannuna, ranar kasuwa, a gaban jama'a. Na fi shekara arba'in ina aikin kafinta, na shafa wa ƙofofi da kujeru da akwatunan amare banish ba adadi, wato ruwan nan mai danƙo da muke shafa wa katako ya yi ƙyalli ya kuma jure ruwa. Mutane suna yabon hannuna, ni kuwa na san inda hannun nan ya fara.

Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Kafur, a bakin hanyar da 'yan kasuwa ke bi. A shekarun da aka fara kawo takin zamani yankinmu, Baba ne mutum na farko da ya yarda ya zuba shi a gonarsa. Ya sha dariya kuwa. Aka ce gishirin Bature ne, zai ƙone ƙasa, in ya gama cin gonar ya juyo kan mai gonar. Wanda ya fi kowa yi masa tsiya shi ne yayansa, wanda muke kira Baffa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, sai dai Baba ya bi mishan tun yana saurayi, Baffa kuwa ya tsaya a kan al'adar kakanni, yana yanka zakaransa a gindin tsamiya kafin shuka. Ban taɓa jin sun yi musu a kan addini ba. A kan taki kuwa shekara uku suka yi suna fafatawa kullum da yamma, hannuwansu a cikin akushi ɗaya.

A shekara ta uku masarar Baba ta yi abin da ba a saba gani ba, kowane kara da goyo biyu, mutum ya shiga ciki sai dai a ji muryarsa. Malamin gona ya zo da wani mutum mai rataye da kyamara a wuya, suka tsayar da Baba a bakin masarar da fartanya a kafaɗa, suka ce ya yi dariya. Ya ce bai ga abin dariya ba. Suka ɗauke shi haka nan suka tafi, mu kuma muka manta da zancen.

Sai da bazara ta zagayo malamin gonar ya dawo a kan babur, da wata doguwar takarda a naɗe kamar tabarma. Ya ce a Kaduna aka buga su, za a liƙa a wuraren sayar da taki, shi ne ya roƙo guda ɗaya don mai fuskar. Aka shimfiɗa ta a tsakar gida, aka danne kusurwoyin da duwatsu. Ta fi Baba tsawo. Ga shi nan tun daga hula har takalmin taya, da launi, masara a bayansa, da manyan haruffa a gicciye wajen ƙirjinsa suna kiran manoma su zuba taki. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mutanen nan ba su da kirki, da sun bari ya sake riga, ga facin da ta yi masa a hammata duk duniya za ta gani. Baba kuwa cewa ya yi a kira masa yayansa. Baffa ya zo ya zagaya takardar sau biyu, ya ce mutumin dai ya yi kama da wani da ya sani, amma masarar Turawa sun ƙara mata girma.

Inna ta so a naɗe hoton a sa a ƙasan akwati. Baba ya ƙi. Ya ce a bangon zaure za a kafa shi, ta waje, inda duk wanda ya yi masa dariya zai wuce ranar kasuwa ya gani, kuma zai zauna a wurin har a yi girbi. Matsalar ita ce zaurenmu gabas yake kallo, duk hadarin da ya taso kuwa bangon nan yake fara duka. Malamin gona ma sai da ya faɗa kafin ya tafi, cewa takarda ce, ruwa ɗaya zai gama da ita in ba a shafa mata wani abu ba. Da aka tambaye shi wane abu, sai ya buga babur ɗinsa ya ce mu dai nemo.

Ni a lokacin na wuce shekara ashirin, na yi shekara biyu ina koyon kafinta a Malumfashi, kuma ban yarda akwai wanda ya fi ni sanin duniya a ƙauyen ba. Har coci da fensir a bayan kunne nake zuwa. Na haɗa allon katako daidai girman hoton, na shafa gam, na liƙa shi sumul babu ko tattara, muka jingine shi a cikin zaure. Wannan kam na yi shi da kyau, kuma ina so a sani. Saura abin shafawa.

Baffa ne ya fara kawo shawara. Ya ce makuba, ruwan kwasfar ɗorawa da ake jiƙawa a yaɓe bango da daɓe da shi. Ya ce ɗakin kakanmu da ita aka tsare shi, ruwa ya yi ta duka har ya gaji, gara ma ba ta kusantarta. Maƙwabcinmu Malam, wanda suka yi kiwon awaki tare da Baba suna yara, ya ce makuba aikin bango ce, ita kuwa wannan takarda ce da tawada, kuma duk ƙauyen ba wanda ya kai shi sanin takarda da tawada. Ya ce ƙaro za a jiƙa, irin wanda yake sa wa tawadarsa, rubutun kakansa har yau yana sheƙi saboda shi. Ni na bari suka gama, na gyara fensirina, na ce duk wannan zancen mutanen da ne, abin da injin Bature ya buga sai ruwan Bature, banish za a saya a Funtuwa.

Baba yana da wani hali da ya sha jawo mana wahala. A wurinsa wanda ya kawo maka shawara kamar wanda ya kawo maka tuwo ne har gida, ba ka mayar masa da kwanonsa ba ka taɓa ba. Kwana uku yana yawo da maganar. In ya haɗu da Baffa ya ce makubar ce, in Malam ya leƙo ya ce ai ƙaron za a yi, in ya dube ni ya ce yaushe zan tafi Funtuwa. Hadari kuwa ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Rana ta huɗu Inna ta gaji, tana tankaɗe ta ce masa:

"To ka raba shi mana kamar naman watanda, kowa shi ɗauki kasonshi, mu huta."

Gatse ta yi masa. Shi kuwa ya tsaya da lomar a hannu, ya ce tun da ya aure ta bai taɓa jin ta yi magana mai ma'ana irin wannan ba.

Washegari ya tara mu uku a zaure. Ya samo karan dawa ya auna hoton, ya karya karan uku, ya ɗiga alama da gawayi a gefen allon. Aka bi girma wajen zaɓe, kamar yadda ake yi a rabon nama. Baffa ya ce shi ƙafafun zai ɗauka, makuba dama gindin bango ta sani, kuma ƙafafun nan shi ya yi ta cire musu ƙaya tun mai su bai iya tsarki ba. Malam ya ɗauki tsakiya, inda rubutun yake da goyon masara. Kai ya rage. Baba ya dube ni ya ce:

"Kai ka san zamani. Ga fuskar nan na ba ka."

Ban ji nauyin maganar ba a lokacin, daɗi kawai na ji. Na fita zauren ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Baffa ya jiƙa kwasfarsa a wata fasasshiyar tukunya, kwana biyu, ya tace da tsumma. Da gashin kaza ya riƙa shafawa, sama-sama, ya bari ta bushe, ya dawo ya ƙara, yana yi yana mita shi kaɗai. Da ya gama, ƙafafun Baba da ƙasar da yake tsaye a kai suka koma launin ruwan goro, ka ce cikin taɓo ya tsaya. Ana ganin komai, har igiyar takalmin, sai dai babu kyau ko kaɗan. Na yi dariya har da riƙe ciki, a gabansa. Malam ya zaɓo ƙaro fari tas, ya daka, ya jiƙa, ya tace sau biyu, ya yi bisimilla ya shafa. Gaskiya nasa ya yi kyau. Masarar ta ɗauki sheƙi kamar an shafe ta da man gyaɗa, mata suna leƙowa suna cewa har yunwa ta kama su.

Ni kuwa na hau mota na je Funtuwa na sayo gwangwanin banish da sabon buroshi, na dawo na ajiye su. Baba ya tambaye ni me nake jira, na ce sai ruwan ya kwanta. Ƙarya nake, ranar kasuwa nake jira. Na ga tsofaffin nan sun yi nasu a ɓoye cikin zaure, ni ina so a ga yadda masu sana'a ke aiki.

Ranar kasuwar da hantsi muka fito da allon muka kafe shi a bango da ƙusoshi. Kafin in hau turmin da na kifa, mutane sun taru, masu jakuna sun tsaya, masu keke sun sauke ƙafa. Na buɗe gwangwanin, na tarar da banish ɗin ya yi kauri kamar zuma. A shagon maigidana akwai wani ruwa na musamman da ake tsinka shi da shi, ni kuwa ban sayo ba, don ban taɓa sayen kayan aiki da kaina ba. Amma na sha ganin wasu kafintoci suna zuba fetur in nasu ya ƙare, kuma katako bai taɓa kai ƙara ba. Na je wurin mai injin niƙa na karɓo rabin kwalba, na tuttula, na dama da tsinke.

Malam yana gefe da carbinsa. Ya matso ya ce mini a hankali, yadda ba kowa zai ji ba, ko zan fara gwadawa can kusurwar sama inda babu komai sai gajimare. Na amsa masa da ƙarfi yadda kowa zai ji, na ce gwaji na ɗan koyo ne. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya koma inda yake.

Na tsoma buroshi na ɗora a goshin Baba, na ja zuwa kunci. Wurin ya yi wani irin ƙyalli, na ji jama'a sun yi guna-gunin yabo a bayana. Na sake tsomawa na ja na biyu. A nan ne na ga girar hagu ta biyo buroshin. Na ɗauka idona ne. Na ƙara ja, sai idon ma ya taso ya biyo girar, ya sauko wajen kumatu. Fetur ɗin ya narkar da tawadar, ni kuwa maimakon in tsaya, sai na ce bari in mayar da idon inda yake. Na tura shi sama, ya tafi da rabin hular. Na dawo in gyara hancin, hancin ya shige cikin gashin baki. Ina ta shafa, ko'ina na taɓa sai ya tashi. Bakin da na bi ta kansa da sauri ya miƙe har kunne.

Wata tsohuwa mai tallan daddawa ce ta fara magana. Ta ce to ga shi dai yau an sa shi dariya. Kasuwa ta fashe da dariya. Wani mai jaki sai da ya zauna a ƙasa. Na sauko daga kan turmin ban san yadda aka yi ba, na juya, ga Baba tsaye a bayana da hannuwa a baya, yana kallon abin da ya rage na fuskarsa. Baffa yana kusa da shi. Na jira ya yi mini tsiyar da na ci bashinta, don ya samu dama irin wadda ba ta zuwa sau biyu. Sai kawai ya yi tari, ya sunkuya ya duba kasonsa, ya ce ƙafafu dai lafiya lau suke.

Baba ya juyo ya dube ni. Da zai yi magana, cewa ya yi:

"Rufe gwangwanin, kada ƙuda su faɗa ciki."

Ya shige gida. Na so ya zage ni, na so ya ɗauko sanda ko da na yi gemu, bai yi ko ɗaya ba. Kwana biyu ban iya cin tuwo a zaure ba. Inna ce ta yi zagin a madadinsa, kuma ta yi shi cikakke, har ta haɗa da fensirin.

Na roƙe shi in cire allon, ya ce ya riga ya faɗa sai girbi. Da kasuwa ta zagayo sai ga shi ya fito da kujerarsa, sanye da rigar nan mai faci da hular da aka ɗauke shi da ita, ya zauna daidai ƙarƙashin hoton. Duk baƙon da ya tsaya ya tambayi ko wane ne wannan da aljanu suka shafa, sai Baba ya nuna sama da sandarsa ya ce masarar ga ta can, sannan ya nuna kansa ya ce fuskar kuma ga ta nan, a haɗa. Haka ya yi kowace ranar kasuwa, fuska a murtuke, mutane suna ɗaga kai suna saukewa. Wasu har daga Kafur suke zuwa kallo, kuma a ƙarshe zancen takin ya fi yaɗuwa fiye da in da hoton yana lafiya.

Ruwa ya sauka. Kason Malam ne ya fara nuna hali. Ƙaro da ya sha laima sai ya koma danƙo, ƙuda suka manne a kan haruffan, tururuwa ta yi layi tun daga ƙasa, tana tsallake makubar Baffa ta gefen katako tana hawa. Sai akuyar Inna ta gano abin yana da ɗanɗano. Kullum da safe takan miƙe da ƙafafun baya, ta dafa allon, ta yi ta lasa, in takardar ta yi laushi ta yage ta tauna. Cikin mako biyu ta cinye goyon masara huɗu da rabin rubutun da hannun Baba na dama. Malam ya zo ya duba, ya shafa gemu, ya ce wa Baffa to ga shaida, dabba ba ta cin ƙarya, masarar gaske ce. Makubar kuwa akuyar ta shinshina sau ɗaya ta yi atishawa ba ta sake ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne banish ɗina ya yi aikinsa. Marka ta zo ta wuce, ruwa ya yi ta dukan bangon, ko ɗigo bai shiga kasona ba. Tsakiyar hoton ta zube, katako ya fito fili, amma dagwalon da na yi yana nan a sama yana ƙyalli, ido a kumatu, baki a kunne, ba abin da ya same shi. Da tun farko na tsinka shi da abin da ya dace, ko na bi maganar Malam na taɓa kusurwa, da fuskar Baba ce za ta zauna haka.

Bayan girbi na tafi Funtuwa neman wani. Na bi wuraren sayar da taki ɗaya bayan ɗaya. An riga an sake hotuna, yanzu wani saurayi ne a kan tarakta yana washe baki. Wani mai gadin sito ya ce mini ragowar tsofaffin an ba masu ƙosai da masu tsire suna naɗe kaya. Na bi masu tsiren tasha ina leƙa takardunsu kamar mahaukaci, ko kunne ban samu ba. Malamin gonar kuma an yi masa canjin wurin aiki, ba wanda ya san inda aka kai shi. Na dawo na faɗa wa Baba. Ya ce in bar wahalar da kaina, wanda ake so ya gani ya gani. Ashe a daminar nan Baffa ya zo ta bayan gida ya karɓi rabin buhun taki, wai zai gwada a wata gona da ba ya so.

Na ce to ya shirya in kai shi Malumfashi wurin mai hoto a ɗauke shi sabo. Ya ce sai an gama sussuka. Da aka gama ya ce sai an kai auduga kasuwa. Da aka kai ni ne ba ni da lokaci, na buɗe shagona, na yi aure, aiki ya yi yawa. Duk shekara sai mun yi maganar, duk shekara sai mu ɗaga, don yana nan, kullum ina ganinsa, ban ga abin gaggawa ba. Wajen tsakiyar shekarun tamanin ya kwanta ciwo na kwana biyar, rana ta shida muka binne shi a bayan coci.

Bayan an watse zaman makoki na ciro allon daga bango. Baffa ya riƙe mini gefe ɗaya, ya tsufa sosai a lokacin, na sa zarto na yanke daidai alamar gawayin da Baba ya yi. Saman na sa a wuta. Ƙasan yana shagona a Funtuwa har yau, a rataye sama da teburin aiki, launin ruwan goro, ko gara ba ta taɓa shi ba. Ana ganin bakin wandon, da ƙaurin, da igiyar takalmin taya, da babban yatsan da fartanya ta taɓa sara.

'Ya'yana ba wanda ya san Baba da wayo. In suka tambayi kamanninsa sai in nuna musu, su yi ta dariya, suna cire takalma suna gwada wanda ya gado yatsan. Ni ma ina taya su. Ƙaramar ce wata rana ta ce ita ba ƙafa take tambaya ba, in faɗa mata yadda idonsa yake. Na buɗe baki zan faɗa, na rufe ido don in gan shi sosai. Fuskar da ta zo mini ita ce wadda na yi masa da buroshi, kuma tun daga ranar duk sanda na nema ita ce ke zuwa.